Anti Riƙo Ta Saki Asabar

Duk wanda ya saba shiga babban kantin nan na bakin shataletale a shekarun baya ya san kafin ya ga kaya zai fara jin kira. "Anti!" daga wajen kashiyoyi. "Anti!" daga ƙofar sito. "Anti!" daga can ƙurya inda firjin nama da na madara suke ta gurnani. Sai ka ga wata mace gajeruwa, kakkaura, da takalmi maras tsini, tana ratsa tsakanin jerin kaya da sauri kamar an ce mata girkinta yana ƙonewa. To ita ce Anti Riƙo.

Sunan daga babban ofis ya samo asali. Duk lokacin da manajan reshe ya samu canji ko ya ajiye aiki, ita ake cewa ta zama manaja ta riƙon ƙwarya kafin a turo sabo. Ta riƙa ta miƙa, ta sake riƙa ta sake miƙa, har ma'aikata suka ga sunan ya yi musu tsawo, suka datse shi suka bar mata Riƙo. Da a bayan idonta ake faɗa, daga baya aka koma faɗa a gabanta, ita kuma tana amsawa ba tare da ta juyo ba.

Da digirinta na farko ta shigo kantin, a lokacin da aiki ya yi wuyar samu. Ta karɓi kujerar kashiya da niyyar kafin wani abu ya faɗo, wani abun kuwa bai taɓa faɗowa ba. A nan ta haɗu da mijinta, mai gyaran firji, wanda aka kira ya duba ɗakin sanyi, ya gama aikin a yini guda amma ya yi ta dawowa wai yana jin wata ƙara. A nan ta yi goyon 'ya'yanta duka, a nan furfura ta fara leƙo mata ta gefen ɗankwali. Daga kashiya ta zama shugabar kashiyoyi, daga nan ta zama mai kula da ma'aikata gaba ɗaya. Sai hawan ya tsaya cak, domin kamfani yana da doka: ba a tabbatar wa kowa kujerar manaja sai yana da digiri na biyu a harkar kasuwanci, wanda kowa ke kira mastas.

Ba za a ce ba ta yi tunanin karatun ba. Duk shekara idan jami'a ta buɗe neman gurbi sai ta leƙa a wayarta, ta karanta har ƙasa, ta ja tsaki ta rufe. Kuɗin makaranta ba su ne damuwa ba, kamfani yana taimaka wa ma'aikatan da suka daɗe. Damuwar ita ce masu aiki ranar Asabar ake koya musu, tun safe har yamma, Asabar kuwa ita ce ranar da gari duka yake tuna cewa sabulu ya ƙare a gida. Sai ta ce, "To wa zai riƙe Asabar?" Kowa ya gyaɗa kai, don gaskiya ce, babu.

Abin da ba a faɗa shi ne dalilin da ya sa babu. Anti Riƙo tana da wata kalma da ta fi kowace yawa a bakinta: "Matsa in yi." Injin kati ya ƙi aiki, matsa in yi. Mai kawo kaya ya zo da abin da ba a ce ya kawo ba, matsa in yi. Ba mugunta ba ce, wallahi, sauri ne. Ba ta iya tsayawa tana kallon mutum yana lalube a kan abin da za ta gama kafin ya ƙifta ido. Kuma, a faɗi gaskiya, kiran nan na "Anti, Anti" yana mata daɗi. Ko tana tsaki tana cewa za su kashe ta, daɗi yake mata.

Ana nan aka turo sabon manaja, saurayi sa'an ƙaninta, kullum cikin kwat ko da ana zafi, shi ya sa tun ranar farko ya zama Ɗan Kwat. Ta shirya raina shi kamar yadda ta raina na baya, amma yaron bai ba ta dama ba. Bai kira taro ba, bai canza wa kaya wuri ba. Yawo kawai yake yi hannu a baya, yana gaida mutane yana kallo. Sai da ya yi makonni a haka, sannan ya aika a kira ta.

Ofishin manaja ɗan ɗaki ne a sama, da gilashi mai kallon cikin kanti, da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a cikin wani bokiti. Ta san ɗakin sarai, ta zauna a kujerar nan sau da dama, amma ba ta taɓa kawo ko hoton 'ya'yanta ta ajiye ba.

"Anti, zauna mana," in ji shi. "Babban ofis za su buɗe sabon reshe nan da 'yan shekaru. Sun tambaye ni ko akwai mutum a nan. Na ce akwai, sai dai ba ta da mastas."

"Yallaɓai, ai an sha yin wannan maganar. Asabar ake karatun."

"Na sani. Kin tuna ranar da kika kai yarinyarki asibiti da safe? Motar madara ta zo ta tsaya a ƙofar baya har direba ya gaji ya juya. Babu wanda ya yarda ya karɓi kayan."

Ta gyara zama, murmushi ya kufce mata. "To ka gani ko?"

"Na gani. Abin da na gani shi ne kantin nan ba shi da tsari, ke kaɗai gare shi. Kuma don Allah kada ki ɗauka yabonki nake yi."

Murmushin ya daskare a fuskarta. Tun da take a kantin ba a taɓa gaya mata magana mai zafi da murya mai sanyi irin wannan ba. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba. Ya ce ta ba shi Asabar guda: ta zauna a gida, ta kashe waya. Shi ma zai zauna a ofis, ba zai sauko ba sai idan gobara ta tashi. Idan kanti ya tsaya da ƙafarsa, ba ta da sauran hujja, ta nemi gurbi. Idan ya faɗi, sun san inda ya karye.

Ta isa gida da yamma tana huci. Ta tarar da maigidan a tsakar falo ya baje fankar maƙwabta a kan jarida yana kwancewa. Tun ba ta cire takalmi ba ta fara zuba.

"Ka ji ɗan yaron nan, Baban yara? Wai ba shi da tsari! Lokacin da na fara aiki a kantin nan yana ina? Yana gudun wanka!"

"Ranki ya daɗe, miƙo mini sukudireban can."

"Ina maka magana kana ce mini sukudireba?"

"Ai ina ji. Hutun Asabar aka ba ki kike ta faɗa. Ni tun da na aure ki ban taɓa ganin ki da hasken ranar Asabar ba, ban ma san kalarki ba."

Ta wurga masa sukudireban ta shige ɗaki. Abin da ba ta gaya masa ba, wanda ita kanta ba ta so ta kalla, shi ne so take kantin ya faɗi. So take a yi ɓarnar da za ta sa Ɗan Kwat ya cire kwat ɗin ya zo har gida ya ba ta haƙuri. Idan kanti ya faɗi, ta rasa karatun, ta rasa sabon reshe, amma ta ci gardama. A wannan makon gardamar ta fi mata komai.

Asabar ta zo. Ta tashi da wuri bisa sabo, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta wanke labulen da aka wanke a makon jiya. Ta tashi yara daga barci ba gaira ba dalili, ta yi faɗa a kan murfin man goge baki. Da hantsi ya yi sai ta tsaya a kan maigidan da mayafinta a kafaɗa.

"Tashi ka kai ni."

"Ina? Ba an ce ki zauna a gida ba?"

"Ai ba shiga zan yi ba. Kallo zan yi."

Haka suka je suka faka motarsa ta aiki a tsallaken titi, tsakanin mai faci da wata bishiya. Ta sayi gyaɗa, ta zame a kujera don kada a hango ta. Gaban kantin gilashi ne, ana ganin komai. Ba a jima ba layin kashiyoyi ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan kayan shayi. Wata babbar mota ta toshe hanyar baya tana ta hon. Wani mutum ya ajiye kwandonsa cike a ƙasa ya fita yana yarfe hannu.

"Ka gani? Ka gani?" Tana zungurar maigidan da gwiwar hannu tana watsa gyaɗa a baki, bakinta har kunne. "Tsari! Ga tsari nan ya ci!"

Sai ga Dogo ya fito ƙofa. Dogo shi ne na biyunta, magidanci mai iyali, gemunsa ya fara fari, mutumin da bai taɓa makara ba kuma bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Wata mata ce ta jawo shi waje, riƙe da dutsen guga a kwali, tana nuna masa yatsa har yana kusan taɓa hancinsa. Daga tsallaken titi ba a jin abin da take faɗa, amma ba sai an ji ba. Kayan da ta saya ne bai yi aiki ba, ta dawo da shi. Mutane suka tsaya kallo. Dogo ya rusuna yana ba da haƙuri, hannunsa ɗaya riƙe da waya, yana dannawa yana karawa a kunne, ya sauke, ya sake dannawa. Anti Riƙo ta san lambar da yake kira. Wayar kuwa tana cikin jakarta a kashe.

Abin ba wani abu ba ne. Akwai yadda ake buɗe na'urar kashiya a karɓi kayan da aka dawo da su a sallami mai shi, aikin da ba ya ɗaukar lokacin shan ruwa. Dogo ya taɓa roƙonta ta nuna masa, ba sau ɗaya ba. Ta san amsar da ta ba shi.

Maigidan bai kalle ta ba, ya ce a hankali, "Mutumin nan tun kafin a haifi autarmu yake tare da ke, ko?"

Ta ajiye gyaɗar a gefe. Shekara da shekaru tana ƙorafin kamfani ya mayar da ita mai riƙe wa wasu kujera, ashe ita ko riƙon ba ta taɓa ba Dogo ba. Ga shi can, babba da shi, ana wanke shi tas a bakin titi a kan abin da ita ta hana shi sani. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Hannunta ya kai kan marfin mota. Da ta tsallaka, da maganar ta mutu nan take, kuma da Dogo ya sake matsawa gefe a gaban jama'a an yi masa. Ta janye hannun.

"Mu je gida, Baban yara."

Ranar Litinin Ɗan Kwat ya shirya jin gori, har ya tanadi haƙurin da zai sha da shi. Ta hau sama ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, ya faɗi."

"Ya faɗi, Anti, faɗuwa mai kyau ma."

"Ba a rufe neman gurbi ba tukuna. Ka ba ni zuwa lokacin in koya musu aikin."

Ya dube ta na ɗan lokaci, ya ce ya ba ta.

Wanda bai ga Anti Riƙo a watannin nan ba bai ga wahala ba. Mace ce da hannunta ke riga bakinta, yanzu ta ɗaure hannuwan a baya tana tsaye a kan Dogo yana lalube a na'ura da yatsa guda. Ta cije leɓe har ya yi sawu. Idan aka ƙwala "Anti!" sai ta zo a hankali ta ce, "To kai me kake gani za a yi?" Ma'aikata suka tsani tambayar nan kamar me. Aka fara ƙus-ƙus a ɗakin canza kaya wai Anti ta fara girman kai tun ba ta ga ƙofar jami'a ba. Ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta raba aikin: wannan ita ke da kashiyoyi, wancan shi ke karɓar kaya a ƙofar baya, Dogo a kan kowa. Ta sa kowa ya koya wa na kusa da shi abin da ya iya, don kada a sake haifar wata Anti.

An yi ɓarna, ba a ce ba a yi ba. Akwai makon da mai karɓar kaya ya yi odar yogot kamar za a yi wanka da shi, sai da aka karya farashi aka rabu da shi da ƙyar. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta ga yadda ya yi tsuru-tsuru, sai ta ce, "Gobe ma kai za ka yi odar." Ta shiga banɗaki ta yi faɗan ita kaɗai.

Da ta sake ba su Asabar, a gida ta zauna da gaske. Kanti bai yi kyau ba, amma bai faɗi ba. Ta nemi gurbi, aka ba ta.

Ranar farko ta zauna a layin gaba da sabon littafi, ita ce babba a ajin in ban da wani ma'aikacin banki mai sanƙo. Ta kifa wayar a kan tebur, rabin hankalinta a kanta. Da aka fita hutu ta birkice ta da sauri: babu kira ko ɗaya. Ta duba ko sabis ne ya ɗauke. Ta kira maigidan.

"Baban yara, kashe ka kira ni, ina ga wayar nan ta lalace."

Ya kira, ta shiga lafiya lau. Yana dariya har da tari. Ta tsaya a barandar makaranta, ranta ya sosu ƙwarai, kamar uwar da ta kai yaro makaranta ya shige ko waiwaye bai yi ba. Sai kuma ta ji kafaɗunta sun sauka. Ta koma aji ta jefa wayar can ƙasan jaka.

Karatun bai zo mata da sauƙi ba, kuma bai zama takardar banza da ta daɗe tana kiran sa ba. Akwai abubuwan da ta daɗe tana yi, a nan ta ji sunayensu, ta riƙa gyaɗa kai tana cewa ashe haka ake ce masa. Akwai kuma waɗanda ba ta taɓa sani ba, suka ba ta haushi don sun zo a makare. A nan ta gane kanti zai iya cika maƙil da mutane amma yana asara, ta gane sito cike da kaya, abin da take alfahari da shi, nauyi ne a wuyan kamfani. Darasin ƙididdiga kuwa ya kayar da ita warwas a jarrabawar farko. Ta zauna a motar maigidan a harabar makaranta ta yi kuka sosai, ta ce ta bari, tsufa ya zo. Ya bar ta ta gama, ya miƙa mata tsumman da yake goge hannu da shi, don shi ke kusa. Ta sake zama jarrabawar, ta ci. Matasan ajin da suka fara da kiran ta Mama suna dariya a ɓoye, su ne suka koma rububin shiga rukuninta, saboda duk misalin da malami ya kawo daga littafi, ita tana da wanda ya faru a gabanta.

Ranar da aka yaye su, maigidan ya sha guga, ya fara tafi tun kafin a kira ta, ya ƙi dainawa har sai da na kusa da shi ya taɓa shi. Dogo ya zo, Ɗan Kwat ma ya zo, cikin kwat. Da aka buɗe sabon reshen aka yi intabiyu, mutane da yawa suka nema, ita aka ba. Manaja, ba wata kalma a gaba ko a baya. Ta yi murna ba kaɗan ba, ta yi rawa a tsakar falo har yaran suka rufe fuska. A tsohon kantin kuma aka ba Dogo matsayinta.

Bayan an kwana biyu, wata Asabar, hanya ta biyo da su ta shataletalen, ta ce bari ta sayi man girki. Kantin cike yake. Ta ɗauki abin da za ta ɗauka, ƙafarta ta kai ta gefen kashiya kai tsaye, yadda ta saba wucewa. Yarinyar da ke kan na'urar sabuwa ce, ba ta taɓa ganin ta ba. Ta ɗago cikin ladabi.

"Mama, yi haƙuri, don Allah ki bi layi."

Daga can ƙofar sito Dogo ya hango, ya zaro ido, ya taho da sauri. Ta ɗaga masa hannu ta girgiza kai, ya tsaya, ya koma wajen masu sauke kaya da ke jiran sa. Ta rungumi kwandonta ta taka har ƙarshen layi ta tsaya a bayan wani tsoho mai burodi. Maigidan ya matso kusa da kunnenta.

"Ranki ya daɗe, yau kuma ke aka kora?"

"Rufe mini baki," in ji ta, idonta ya ciko tana dariya. "Kai dai kalli yadda layin nan yake tafiya."